Muna Auna Wake, Mun Kasa Auna Abincin Mage

 

Yau maganar mage zan yi. Na san wani ya riga ya yi tsaki, yana cewa yaron nan ba shi da aikin yi, ana fama da tsadar haya da kuɗin mota shi kuma yana zancen kyanwa. To a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, in ya so sai a zage ni da hujja. Abin da nake son in faɗa guda ɗaya ne: ƙibar da muke ɗora wa magunanmu a shaguna da ɗakunanmu cuta ce, mu muka sa musu ita da hannunmu, kuma abin haushi muna kiranta tausayi.

Duk wanda ya saba zagaya unguwannin Hausawa a nan Kudu ya san irin magen da nake nufi. Za ka gan ta shimfiɗe a bakin shago kamar an yar da ƙaramin buhun gero, wuya ya haɗe da ƙirji, ciki yana sharar ƙasa. Ɓera zai bi ta gabanta ya wuce, iyakarta ta buɗe ido ɗaya ta mayar ta rufe. Ta zama kyanwar Lami sosai, ba cizo ba yakushi. Mai shagon kuwa alfahari yake yi. Idan baƙo ya zo sai ya nuna ta yana dariya, wai a duba a ga gidan da ake ci a ƙoshi. Kallon kitse ake yi wa rogo, jama'a. Dabbar nan wahala take sha, bakin faɗa ne kawai ba ta da shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mu fa 'yan kasuwa ne, 'ya'yan 'yan kasuwa. Mahaifina wake da gero yake sayarwa a nan Badun, kuma tun ina ƙarami na san ba a zuba hatsi da ka. A gida Arewa akwai mudu da tiya, a Badun akwai kongo, a Ikko akwai derika, mahauci da mai kifi suna da sikeli. Idan yaron shago ya ƙara wa mai saye ko da tafin hannu ɗaya ne ba da izini ba, ranar sai ya sha faɗa. Amma wannan mutumin da ba ya yarda ƙwayar wake ta wuce awo, shi ne zai cika wa dabbar da nauyinta bai wuce kilo 4 ba kwano fal, safe da rana da dare, bai taɓa tambayar kansa nawa cikinta ke buƙata ba. Ina lissafin ya tafi?

Wani zai ce ai a ƙauyensu ba a taɓa auna wa mage abinci ba, kuma ba ta yi ƙiba ba. Gaskiya ne, amma a duba bambancin zaman. Magen ƙauye tana hawa katanga, ta bi ta kan rumbu, ta shiga gona, ta kwana tana farauta, abin da ake ba ta a gida ɗan kaɗan ne. A nan kuwa ɗakin haya ne guda ɗaya, ko shago da ake kullewa da magariba. Bugu da ƙari, wasu daga cikin maƙwabtanmu ba sa sakin jiki da mage saboda abin da suka taso suka ji game da ita, don haka da yawanmu mun gwammace mu tsare ta a ciki don a zauna lafiya, ga kuma tsoron mota da babur a titi. Motsi ya ragu, abinci ya ƙaru. Sannan hannun da ke ba ta ba ɗaya ba ne. Mai shayi ya jefa mata burodi da ƙwai da safe, mahauci ya wurga mata kitse da hantsi, uwar gida ta kankare mata ƙasan tukunya da rana, mai tsire ya ba ta guntu da dare, yara kuma kowa da nasa. Idan ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa zai rantse maka ɗan kaɗan ya ba ta. Kaɗan sau shida ai ya tashi daga kaɗan.

Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Babbar mage mai lafiya yawanci nauyinta tsakanin kilo 3 da rabi ne zuwa 4 da rabi, namu na gida ma sau da yawa ba su kai manyan na Turai ƙashi ba. Mage mai kilo 4 da ke zaune a ɗaki, abin da jikinta ke buƙata a yini ɗaya bai wuce kalori 200 zuwa 250 ba, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. To cokali ɗaya babba na man gyaɗa ko man ja yana da kalori kusan 120, wato rabin abincinta na yini ke nan a cokali guda. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da kusan 75. Gwangwanin sardin ɗaya tare da man da ke cikinsa ya wuce abin da take buƙata tun daga asuba har dare. Ƙaramin ɓera kuwa, abincinta na asali, kalorinsa kamar 30 ne, shi ya sa magen da ke ciyar da kanta take cin ƙanana-ƙanana sau takwas ko goma a yini, kuma kowanne sai ta yi gudu da tsalle kafin ta same shi. Mu mun ɗauke mata gudun, mun ninka mata abincin.

Idan kilo 1 ya ƙaru a jikin mage mai kilo 4, sai mu ce ai kilo ɗaya ne kacal. Alhali kashi ɗaya cikin huɗu na jikinta ne. Daidai yake da mutum mai kilo 70 ya wayi gari da ƙarin kilo 17 da rabi. Wadda ta kai kilo 6 kuwa, kamar mutumin nan ne ya kai kilo 105. Waye a cikinmu zai ga ɗan uwansa ya yi haka ya ce albarka ce, a ƙara masa tuwo?

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne wurin likitocin dabbobi. Mage mai ƙiba ta fi mai daidaitaccen jiki haɗarin kamuwa da ciwon suga kusan ninki huɗu. Alamarsa yawan shan ruwa da yawan fitsari, daga baya ta fara ramewa alhali tana ci. Maganinsa sau da yawa allurar insulin ce safe da yamma, wadda sai an ajiye ta a firji. Ku gaya mini tsakani da Allah, a wannan hali na wutar lantarki, mutum nawa ne a cikinmu zai iya yi wa mage wannan hidima? Mafi yawa zuba mata ido za a yi har ta mutu, a ce kwananta ne ya ƙare. Bayan suga akwai ciwon gaɓɓai, domin ƙafafun da aka yi wa kilo 4 su ne ke ɗauke da 6. Akwai matsalar mafitsara. Akwai kuma wani abu da ke ba ni tausayi: mage dabba ce mai tsafta, kullum cikin lasar jikinta take, amma idan ƙiba ta yi yawa ba ta iya lanƙwasawa ta kai bayanta, sai gashin ya cuɗe, ƙazanta ta manne, ta fara wari. Daga nan wanda ya ƙibantar da ita shi ne zai fara korar ta daga kan tabarma.

Kada a ce wannan fitinar Turawa ce muke kwasowa. Turawan su ne suka fara faɗawa ramin. A binciken da wata ƙungiyar yaƙi da ƙibar dabbobin gida ta yi a Amurka a 2022, kashi 61 cikin 100 na kyanwoyin da aka duba sun wuce nauyin da ya kamata. A Ostireliya an yi wani muzuru mai suna Himmy da ya kai kilo 21 da ɗigo 3, sai a baro ake tura shi, ya mutu a 1986. Daga baya masu kundin bajinta na Guinness suka daina karɓar gasar mage mafi nauyi, saboda sun ga mutane na ɗura wa dabbobi abinci don neman suna. Wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama da wuta, ai nasa zai shafa wa ruwa.

Yawan abincin ma rabin matsalar ne, ɗaya rabin shi ne irin abin da muke zuba mata. Mage maciyar nama ce zalla, haka Allah Ya halicce ta. Tuwo da shinkafa da taliya da burodi da eba suna cika mata ciki su tara mata kitse, amma ba sa ba ta abin da jikinta ke nema. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin, wanda ake samu a nama da kifi, musamman zuciya, kuma jikin mage ba ya iya haɗa wanda zai ishe ta. Idan ta rasa shi idonta na lalacewa har ta makance, kuma a 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar da cewa rashinsa yana sa zuciyar mage ta saki ta kasa harba jini. Ke nan mage na iya zama ƙatuwa kamar tulu alhali jikinta a yunwace yake. Saboda wannan dalili ne ma bai dace a ciyar da ita da abincin kare ba.

Masu ba ta shayi da biskit da alewa, ku sani ko daɗinsu ba ta ji. A 2005 masana a cibiyar Monell da ke Amurka suka nuna cewa harshen mage ba ya gane zaƙi sam. Kitsen da ke ciki take bi. Madara kuwa, wadda kowa ya ɗauka ita ce abincin mage, mafi yawan manyan maguna ba sa iya narkar da ita yadda ya kamata, zawo take sa su. Miyarmu da tsirenmu cike suke da albasa da tafarnuwa, su kuma suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage, ko ɗanyu ko dafaffu ko na gari. Kifi mai maiƙo irin su titus idan ya zama shi kaɗai ne abincinta kullum, yana jawo ciwon da ke kumbura kitsen jikinta har ta ƙi yarda a taɓa ta. Hanta idan ta yi yawa tana sandarar mata da ƙashin wuya. Kuma tun da ana maganar mage mai ciwon gaɓɓai, don girman Allah kada wanda ya ga tana ɗingishi ya ɓalla mata farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Yanzu bari in zo kan hujjojin da ake kawo mini idan na yi wannan magana a majalisa.

Ta farko ita ce ta addini. Ana tuna mini labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, wanda ya zo a Bukhari da Muslim. Ni ba malami ba ne, amma abin da na fahimta shi ne laifin matar cutar da dabbar da ke hannunta. Wanda ya kulle mage a ɗaki yana ɗura mata abin da zai sa mata ciwon suga, shi ma ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa ko ya sauke amanar. Addinin da ya hana mu almubazzaranci a kan namu cikin, ta yaya zai zama hujjar yin sa a cikin dabba? Ciyarwa lada ce, babu musu. Awo ba ya rage ladan.

Ta biyu: wai tana kuka, ba za a iya jurewa ba. Mage tana da wayo, 'yan uwa. Idan ta gane duk lokacin da ta yi kuka ta shafi ƙafarka wani abu na faɗowa, to ta samu sana'a. Sau da yawa ma wasa take so, ko a shafa ta. Ɗanka ma yana kukan alewa, kana ba shi duk lokacin da ya yi?

Ta uku: mutane suna kwana da yunwa, kai kana lissafin cikin mage. Wallahi wannan hujjar tawa ce, ba taku ba. Ni cewa nake a rage abin da ake zubawa. Gwangwanin sardin da ake buɗe wa mage a banza, almajirin da ke bakin masallaci ya fi buƙatarsa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda da sun ji wannan magana za su ce madalla, dama mun faɗa, a bar ta da yunwa don ta kama ɓera. Ku ma ba ku tsira ba. Farauta ɗabi'ar mage ce, ko ta ƙoshi tana yi. Abin da ke hana ta shi ne nauyin jiki da rashin lafiya, yunwa kuma tana sa ta bar shagonka ta tafi bola. Kuma maganar ɓera ba wasa ba ce ga masu sayar da kayan abinci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma jihohin Ondo da Edo, inda 'yan uwanmu da yawa ke zaune, suna cikin waɗanda ya fi addaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci ajiye mage a cikin hanyoyin korar ɓeraye, tare da rufe hatsi da kai shara nesa da gida. Magen da ba ta iya hawa kan buhu ba za ta tsare maka komai ba.

To me za a yi? Abu ne mai sauƙi ga wanda ya san awo.

Da farko a duba ta. Sa tafin hannunka a haƙarƙarinta ka shafa a hankali. Ya kamata ka ji ƙasusuwan kamar yadda kake jin na bayan hannunka. Idan sai ka danna kafin ka ji su, ta yi ƙiba. Ka tsaya a kanta ka dube ta ta sama, ya kamata ka ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari. 'Yar fatar da ke reto a ƙasan cikinta ba komai ba ce, halitta ce. Amma idan ciki ne kaɗai ya kumbura alhali baya ya rame, to yana iya zama tsutsar ciki ko juna biyu ko ruwa, wannan aikin likita ne. A nan Badun akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ibadan, haka ma a jami'ar aikin gona ta Abekuta da jami'ar Nsukka, ban da asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da na kuɗi.

Na biyu, a ɗora ta a sikeli. A sa ta a kwando a auna, a cire nauyin kwandon, a rubuta a littafin shago, a maimaita duk mako biyu.

Na uku, a auna abincin yini gaba ɗaya tun da safe, kuma a yi lissafin da nauyin da ake so ta koma, ba wanda take da shi yanzu ba. Mai ba ta busasshen abincin maguna na kanti, yawancinsa giram 100 yana da kalori 350 zuwa 400, ke nan giram 50 zuwa 60 ya ishi mage mai kilo 4, wadda ake so ta rage kuma ƙasa da haka kaɗan. A auna shi sau ɗaya a ƙaramin sikeli, a zuba a gwangwanin madara, a yi wa gwangwanin alama da ƙusa, shi ke nan an samu mudun mage. Mai dafa mata a gida ya ba ta nama marar kitse da zuciya da ƙundu da kifi da aka cire wa ƙaya, ba gishiri ba magi ba albasa, ya haɗa mata da ɗan romon domin tawurin na fita cikin ruwan dahuwa, hanta kuma kaɗan jifa-jifa. Tsokar nama zalla ba ta da sinadarin gina ƙashi isasshe, don haka a nemi shawarar likita kan abin da za a ƙara.

Na huɗu, a raba awon nan gida uku ko huɗu a yini, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe shi. A gaya wa mai shayi da mahauci da yara cewa an gode, amma duk mai son ba ta abu ya ɗiba daga cikin gwangwanin. Idan ya ƙare, ya ƙare sai gobe. Idan magunan sun fi ɗaya, kowace da kwanonta, a tsaya har su gama. Ruwa mai tsafta kuwa kada ya yanke. Wadda aka yi wa aikin hana haihuwa da muzurun da aka dandaƙe sun fi saurin ƙiba, su ne ma suka fi buƙatar awo.

Na biyar, kuma wannan a riƙe shi da kyau: ba a sa wa mage mai ƙiba azumi. Idan ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitsen jikinta yana taruwa a hanta ya toshe ta, ido da dasashi su yi rawaya kamar mai shawara, kuma yana kisa. A rage a hankali. Abin da ake so shi ne ta sauke kamar kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta a mako. Mai kilo 6 giram 60 ke nan, kuma kafin ta dawo kilo 4 da rabi za a yi kusan wata bakwai. Sannu ba ta hana zuwa.

Na ƙarshe, a motsa ta. A ɗaura gashin kaza a igiya, yaro ya ja ta bi, minti biyar zuwa goma safe da yamma. A riƙa ɗora kwanonta a kan benci don ta hau. Duk wannan ko kwabo ba ya ci.

Mu baƙi ne a garuruwan nan, kuma maƙwabtanmu suna kallon yadda muke riƙon abin da ke hannunmu. An san Bahaushe da son mage, wannan abin yabo ne, kuma ba na so mu bari. Ina roƙo ne kawai a haɗa son da awo. Duk mai mage a cikinku, gobe idan ya buɗe shago, kafin ya auna wa mai saye kongo na farko ya ɗora ta a sikeli ya ga abin da zai gani. Wanda yake ganin na yi kuskure ƙofa a buɗe take, ya kawo tasa hujjar mu ji.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da Ya sa a ƙarƙashinmu, Ya ba da kasuwa mai albarka.

Wassalam. Naku, ɗan Sabon Badun.